Yefrem da Tukunyar da ke Kansa

Wasa ɗaya tak Yefrem Sisoyevich ya iya, kuma da shi ya ci abinci tun yana saurayi. Yakan shigo filin wasa da tukunyar shayi a kansa, yana dube-dube, yana tambaya, "Jama'a, wa ya ga tukunyata?" Sai ya yi tuntuɓe ya kife cikin dusar katako. Daga kasuwa zuwa kasuwa a bakin kogin Volga na ƙasar Rasha, mutane na dariya har da hawaye, kashegari a naɗe tanti a wuce gaba.

Furfura ta riga ta fito masa lokacin da maigidansu, mai ayarin 'yan wasan, ya gina gidan wasa na dutse a birni. Aka ba Yefrem ɗaki kusa da bargar dawakan wasa. Matarsa Agafiya, wadda sanyin hanya ya cinye mata gwiwoyi, ta daɗe tana shafa murhun ɗakin da tafin hannu.

"Tsoho, ni fa na sauka ke nan. Sai dai a fita da gawata."

Makon farko an yi dariya. Da sanyi ya kankama, ran nan ya shigo da tukunyarsa, bai buɗe baki ba wani mahauci ya ɗaga murya daga kujerun sama: "Tana kanka, Kawu! Faɗi ƙasa mu tafi gida!"

Yefrem ya daskare. Ya duba, ya gane fuskokin. Na jiya ne, na makon jiya ne. Bai taɓa tunanin mai kallo yana dawowa ba.

Maigida ya tare shi a barga. "Kawo sabon abu ranar Lahadi, ko ka bar ɗakin."

Ya gwada rawa, Agafiya ta ce kamar saniya a kan ƙanƙara. Ya gwada waƙa, dawakai suka yi ta harbin bango.

Ran Lahadi ya fito da tukunyar, don ba shi da komai sai ita. Gidan duka ya ɗauka da murya ɗaya: "Wa ya ga tukunyata?" Ya tsaya baki buɗe, kalmominsa na zubo masa daga bakin baƙi. Ganin fuskar nan, dariya ta ɓarke irin wadda bai taɓa samu ba.

"Haka za ka riƙa yi," in ji maigida.

Bai sake furta kalma a filin wasa ba har ya mutu. Agafiya ta rayu kusa da murhunta.