Zoben da Kawu Ya Sa wa Giyar Gem

Gem ɗin bai bar Funtua ba! Mun gyara shi, kuma ya yi shekara da shekaru ana dukansa bai sake cewa uffan ba. Amma bari in faɗi yadda aka yi, don an daɗe ana ba wani yabon da ba nasa ba.

Ina aji uku a sakandare lokacin da wani mutumin kudu, mai shagon lemo a bayan tasha, ya kawo akwatin gem. Oga muke ce masa. Akwatin ya fi ni tsayi, da gilashi irin na talabijin. Ka jefa sule, sai ɗan jirgi ya fito kana harbin wasu halittu masu saukowa daga sama. Maɓallin harbi ɗaya ne, sai wata 'yar sanda mai kan ƙwallo da ake juya jirgin da ita. Mu giya muke ce mata, don ta yi kama da ta mota.

Ni kam ba yabon kai ba, yatsuna ba dama. Taɓa giya kawai nake, jirgi ya zille. Amma ranar kasuwa samarin ƙauye kan cika shagon, su kuwa fizgarta suke kamar sun kama garma. A hankali ta fara lilo. Ran nan ina tsakiyar wasa sai ji na yi ƙwas, ta kwanta gefe, jirgi ya manne a bango aka yi masa kaca-kaca.

Oga ya dafe kai. "Kai ɗan makaranta, ka kashe ni! Ran Asabar motar hatsi za ta kudu, da ita gem ɗin zai koma."

"Haba Oga, ni ko ƙuda ba na kashewa da wannan hannun!"

"A hannun wa ta mutu?"

Na roƙe shi ya kwance mini allon giyar in kai wa kawuna, yayan innata, maƙeri ne a wajen Dayi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ba ni.

Na samu Kawu yana sa wa fartanya ƙota. Ya juya allon, ya leƙa ƙasansa. 'Yan ƙarafa huɗu ne sirara kewaye da gindin sandar, ita ke taɓa su jirgi ya motsa. Biyu sun lanƙwashe, sifirin da ke mayar da sandar tsakiya kuma ya tsinke. Ya miƙo mini abina.

"Na wane ne?"

"Na kowa ne, Kawu."

"Ba na yi wa hannun da ban gani ba aiki. Ko fartanya sai mai ita ya tsaya gabana na ga tsawonsa da yadda yake sara."

Na yi magiya, na ce Asabar fa ta kusa. Ko gezau. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya ce in je, zai zo ranar kasuwa.

Ya kuwa zo, da masabarsa a buhu. Oga ya mayar da allon, aka kunna gem a haka da giyarsa a lalace, don Kawu ya ga yadda ake kama ta. Kawu ya ja benci ya zauna. Ko sau ɗaya bai kalli gilashin ba, hannuwa kawai yake kallo. Wani ƙato daga Dandume ya kama giya har akwatin na girgiza.

"Kai ɗan nan, saniya ta ƙwace maka ne?" in ji Kawu. Shago ya kwashe da dariya.

Sannan ya ce in gwada. Na ɗan taɓa nan, na ɗan taɓa can.

"Kai kuma kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. To, na gani."

Ya ari maƙerar wani abokinsa a cikin gari. Na zaci zai sa ƙarfe mai kauri giyar ta ƙage, in rasa gudun yatsuna. Ashe ba haka ba. Ya miƙe 'yan ƙarafan nan a hankali, ya sa sifirin mai laushi na birkin keke, sannan ya ƙera wani ɗan zobe daga tsohuwar garma ya kafa shi kewaye da gindin sandar, da robar tayar keke a ciki. Mai taushin hannu ya taɓa, ta amsa nan take. Mai ƙarfi ya fizga, zobe ya tare shi kafin ya kai ga 'yan ƙarafan.

Aka kira ƙaton nan ya yi iya yinsa, giya ta dawo tsakiya zam. Na karɓa, wallahi jirgi har rawa yake. Oga ya buɗe wa Kawu lemo da hannunsa, yana ta "Baba, sannu Baba." Ran Asabar motar hatsi ta tafi da hatsinta.

Daga baya sai na ji gayu na cewa wai injiniya aka ɗauko daga Kaduna. Ƙarya ne. Don Allah in ka karanta, ka miƙa wa duk wanda ya taɓa jefa sule a shagon nan, ya san maƙerin fartanya ne daga Dayi ya yi aikin.