Wa Ya Zuba Mini Gishiri a Gona?

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ba ɗana likita ba ne, ba Basudanen da ke kula da gidajenmu ba ne, ba kuma matar nan 'yar Kumasi ba ce, ko da yake ita har gobe ban yafe mata ba. Aji huɗu na yi a firamare, amma na san mai karatu yana da uzuri, bai kamata a bar shi yana laluben wawa har ƙarshen takarda ba.

Bayan rasuwar uwar 'ya'yana, babban ɗana, wanda muke kira Likita, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a ƙauye ba. Ya ɗauko ni zuwa ƙasar Larabawa inda yake aiki, ya ajiye a unguwar Ain Khaled, cikin wani rukunin gidaje da aka yi su kamar ƙwan kaza ɗaya, har sau biyu ina faɗa wa gidan wani Ba'indiye ina tambayar wa ya ɗauke mini buta. Tsakiyar zafi na zo. Wata biyar ina ɗaki, na'urar sanyi tana hura ni kamar naman layya da aka adana. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana leƙa sama da asuba don ya san abin da rana za ta yi, ga shi kwance yana kallon silin.

To, sai na zama abin da na zama. Tuwo ya yi ruwa, shayi ya yi sanyi, jikoki suna gaisuwa a tsaye kamar 'yan sanda. Surukata, baiwar Allah, ta koma ajiye mini abinci a bakin ƙofa tana janyewa da sanɗa. Har da rimot na yi faɗa, kuma ina da yaƙinin ni ke da gaskiya. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa.

Da iska ta fara sanyi, Likita ya zauna gabana ya sunkuyar da kai.

"Baba, akwai fili a bayan katanga. Ana raba wa kowane gida ɗan yanki lokacin sanyi. Na karɓa maka."

"Noma? Da sanyi? Ba damina?"

"Nan da sanyi ake shuka, Baba. Kuma aikin ƙasa yana sanyaya zuciya. An bincika."

"Wa ya ce zuciyata da zafi?"

Ya dubi rimot ɗin da na ɗaure da ƙyalle.

Filin, in ka shimfiɗa tabarma shida ka cinye shi. A ƙauye ko kaza ba za ta kira shi gona ba. Amma da na sa ƙafa a kai, na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji, wanda rabona da shi tun ranar jana'iza. Basudanen ya zo da takardarsa ya karanta mini doka: bayan wata uku zai zagayo, duk yankin da bai yi kore ba za a karɓe a ba maƙwabcin da ke kusa, khalas, magana ta ƙare. Na yi dariya. Ni za a karɓe wa gona? A ƙasar da ba wanda ya san sunan ubana, ba wanda ya taɓa ganin rumbunana, wannan tabarma shida ita kaɗai ce shaidar cewa ni wani ne. Na rantse a zuci ko gawata ba za ta bar wurin ba.

Maƙwabciyar da za ta gaje ni in na faɗi, ita ce matar nan. Kuku ce a wani gida cikin rukunin, kullum daga unguwar Mansura take zuwa a motar farko. Kafil ɗinta, wato ubangidan da ya ɗauke ta aiki, ba ruwansa da ƙasa, ya bar mata yankin gidansa. Ta kai hamsin da wani abu, gajera, da hannu kamar taɓarya. Na same ta tana haƙa wasu 'yan ramuka masu faɗi, fangali, irin na masu lambu, tana zuba taki a ciki.

Ni kuwa na sa Likita ya kai ni kasuwa a Mesaimeer muka nemo abin da ya fi kama da fartanya. Na tuɓe riga. Na yi huɗa. Kunya biyar na tayar, dogaye, miƙaƙƙu, waɗanda da a ƙauyenmu ne sai an tsaya an nuna wa yara. Na ɗauko irin da na ƙullo daga gida cikin leda, kuɓewa da yakuwa, na bi kan kunya na shuka.

Ta miƙe ta riƙe ƙugu, ta yi magana da Hausarsu ta Zango mai gudu kamar an biyo ta.

"Sannu, Alhaji. Mutum nawa suka rasu?"

"Kamar yaya?"

"Na ga kabari biyar."

Na ce, "Baiwar Allah, wannan shi ake kira noma. Ina huɗa tun uwarki tana goye."

"Nan ba a tayar da ƙasa, Alhaji. Saukar da ita ake yi. Ruwan sama kake jira ya cika maka kwari?"

"Ki koya wa tukunya tafasa. Ni kada ki koya mini gona."

"To. Allah ya ji ƙansu," ta ce, ta ɗauki bokitinta.

Daga ranar muka ƙulla. In na ce ina kwana, sai ta ce, "Ya masu makoki?" In ta wuce da taki, sai in toshe hanci in tambaye ta ko miyar masu gidan ce. Ta ce da ni mai gonar gwamna. Na ce da ita sarauniyar ramuka.

Shukata ta tsiro, ta yi ganye biyu, ta tsaya tana tunani. Sannan ta yi rawaya. Sannan ta kwanta. Na sake shukawa, ta sake kwanciya. A gefe kuwa fangalin matar nan ya rufe da latas da tumatir da alayyahu, kore shar, abin haushi. Damuwarta ɗaya, tsuntsaye. Akwai wasu baƙaƙe masu rawayen baki, fitsararru, ba sa tsoron mutum balle Allah, ga tattabaru bataliya guda. Da ta gama ban ruwa ta shige kicin, sai su sauko kamar an yi musu gayya. Kowa a filin kuka yake da su. Wani ya rataye tsofaffin faifai, wani ya ɗaura leda a sanda. A banza. Ni abin daɗi yake mini. Ina cewa, "Ku ci, 'ya'yan albarka, halal ne."

Wata safiya na tsuguna in duba abin da ke kashe mini shuka, sai na ga kan kowace kunya ya yi fari fat, kamar an barbaɗa gari. Na dangwala na kai baki. Gishiri.

Nan ilimina na aji huɗu ya tashi tsaye. Na yi bincike irin na manya. Tambaya ta ɗaya: wa ke da gishiri buhu-buhu? Kuku. Ta biyu: wa zai ci gonar in ta mutu? Kuku. Ta uku ban ma yi ta ba, don alƙali ba ya wahalar da shari'ar da ta fito fili.

Na kankaro shi a cokali na kai wa Likita.

"Ɗanɗana."

"Baba, ƙasar nan gaba ɗaya haka take. In ka yi ban ruwa, rana ta janye ruwan, gishirin sai ya hau wuri mafi tudu ya zauna. Kan kunya ke nan. Shi ya sa suke shuka a ƙasa."

"Gishiri ya hau? Da ƙafa ko da tsani?"

"Baba..."

"Na kai ka makaranta ka koyi allura, ba ka koyi kare maƙiyan ubanka ba."

Washegari na tare ta a bakin famfo, da cokalin a hannu.

"Hajiya, miyar gidanku ba ta yi lami ba kwanan nan? Na ga gishirin ya ƙare a gonata."

Ta dubi cokalin, ta dube ni, ta yi wata dariya har da dafa katanga.

"Ni? In bar Mansura da duhu, in zo in yi wa kabari miya? Alhaji, wanda ya mutu ba a kashe shi."

"Zan kama ki."

"Yalla, kama. Ka zo da kujera, kada ƙafa ta yi ciwo."

Na kuwa zo da kujera. Kullum in an idar da sallar asuba, sai in zuba rigar sanyin Likita a kan babbar riga, in naɗe kunne da rawani, in ɗauki sandata da fulas ɗin shayi. Kada wani ya ce maka ƙasar Larabawa ba ta sanyi. Akwai wata iska da ke fitowa daga arewa, ba ta neman fata, ƙashi take nema. Raɓa tana jiƙa kujera, yatsu suna ƙin lanƙwasuwa a kan carbi. Haka zan zauna a kan iyakata da ita, in ga zuwanta, in ga ban ruwanta, in raka ta da ido har ƙofar kicin. Ba na tashi sai an kira azahar, don na san mugu yana iya dawowa. Zaman banza ba daɗi, sai in tashi in yi ta zagaye, ina gyara kunya, ina ɗaga sanda, ina maimaita maganganun da zan gaya mata gobe, da ƙarfi, don in ji yadda za su fito. In tsuntsun nan ya sauko yana kallona da gefen ido, shi ma in ba shi nasa.

Yanzu ga abin da nake so likitocin duniya su rubuta, su sa sunana a ƙasa. A cikin wata biyun nan na gadi, na dawo mutum. In na shigo da azahar, yunwa ce ke gaba ina biye. Tuwon da na ce ya yi ruwa, har ƙari nake nema. In na kwanta bayan azahar sai an tashe ni la'asar. Jikoki suka fara zama kusa da ni. Rannan na ji kaina ina yi wa surukata sannu da aiki, ita ta tsorata, ni na tsorata. Likita ya ɗaura mini abin awon jini ya ce ya sauka, yana murmushi wai ai ya faɗa, ƙasa magani ce. Ƙarya ne. Ba ƙasa ba ce. Dafin da nake raba wa mutum shida a gida ne ya samu mutum ɗaya ya tare a kansa. Duk tsohon da ya dami gida, kada a ba shi ƙwaya. A nemo masa abokin gaba a waje, mai zuwa a kan lokaci.

Sai dai gishiri bai daina ba, kuma ban kama kowa ba. Ranar zagayen Basudane tana matsowa. Na fara lissafin yadda zan koma ɗaki, in zauna ni da silin, matar nan kuma tana baje kaburburana tana dasa latas a kai. Wannan tunanin ya fi iskar arewa shiga ƙashi.

Saura kamar sati uku, sai na ga wani abu a cikin kwari, tsakanin kunya da kunya, inda ruwa ke kwanciya. Tsiro. Ƙanana, jajaye-jajaye, birjik. Kwana kaɗan suka buɗe. Alayyahu ne. Ban shuka alayyahu ba, amma nan da nan na gano bakin zaren: tabbas irinsa ya gauraya da na yakuwa a ledar da na ƙullo, ruwa ya gangaro da shi. Wato hannuna ko kuskure ya yi, albarka ce. Na bi shi da ruwa, na bi shi da addu'a, ya tashi har gwiwa, ya rufe kunyoyin da farin kansu.

Ranar zagaye na sa sabuwar hula. Likita ya fito, maƙwabta suka fito. Basudanen ya tsaya a kan yankina, ya duba, ya ce ma sha Allah, ya yi alama a takardarsa. Gona ta tsira. Da na yi shiru a nan, da na tafi gida da mutuncina. Amma ina! Na hango ta tana wanke bokiti, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku shaida! Wannan dabara ce ta mutanen da. Ka tayar da kunya ta shanye sharrin maƙiyi, ka ci amfani a kwari. An zuba gishiri, an yi dariya, an kira gonata maƙabarta. Hajiya, ina kike? Zo ki tsinki na miya, kyauta. Mu ba ma riƙo."

Ta ajiye bokitin. Ta share hannu a zaninta. Ta tako har gabana ba gaggawa.

"Alhaji, alayyahun nan mai jan kara, a ƙauyenku akwai irinsa?"

Na duba. Na dubi fangalinta. Jan kara, iri ɗaya sak. Na ji sabuwar hular ta yi mini nauyi.

"Ni na watsa shi," ta ce, "kana can kana minsharin azahar."

Na tattaro sauran ƙarfina na ce, "To, don me? Ke da za ki ci filin? Tsoron Allah ne ya kama ki, ko tausayi?"

"Tausayin wa? Me zan yi da fili biyu tsuntsu yana cinyewa? Tun ran da ka kawo kujera, ko ganye ɗaya ba a taɓa mini ba. Kowa a nan leda ya ɗaura a sanda. Ni kaɗai Allah ya ba mutum-mutumi mai rawani, mai ihu, wanda yake kawo kansa tun asuba, har da shayinsa. In bari a karɓe maka gona, wa zai tsaya mini?"