Hanyar da Sale Ya Nuna Mana

Safiyar Talata ce. An yanke gero, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran wuƙa. Ƙauyenmu gida goma sha huɗu ne, gabas da Kwandiko, a ƙasar Gwaram. Shekara biyu ke nan da babban fari. A rediyo ana ta labarin arzikin man fetur. Mu dai shanu da dawa muka sani.

Na yi sallar asuba, na zuba wa shanun huɗata biyu harawa. Matata Hajara tana dama koko. Rabi, 'yar autarmu mai shekara tara, tana shara. Sale, ɗana na fari, ɗan shekara goma sha biyar, yana zaune a gindin rumbu ya ba mu baya. Kokon da aka miƙa masa ya huce a gabansa.

Mako uku ke nan yana haka. Ya daina kai shanu kiwo dajin kudu, wai ƙafarsa na ciwo. Na duba ƙafar, lafiyarta lau. Ya daina zuwa kokawa a dandali. In kare ya yi haushi sai ya zabura. Na zarge shi da shan taba, har na shinshina rigarsa a ɓoye. Na zarge shi da sata, na hau rumbu na duba. Na zarge shi da neman 'yan mata. Hajara ta ce da ni, "Malam, yaron nan tsoro ne a jikinsa." Na ce tsoron aiki dai.

Da hantsi karnuka suka ɗau haushi ta kudu, duk a lokaci guda. Sai suka yi tsit. Sai ƙarar bindigar toka, guda ɗaya, mai nauyi. Sai kururuwar mace daga gidan Malam Idi, wanda ya fi kowa shanu a ƙauyen.

Ban gama miƙewa ba Sale ya riga ya saɓi Rabi a kafaɗa. Ya doki zanar bayan gida da ƙafa, ta faɗi.

"Kada ku bi hanyar rijiya! Suna can! Ta cikin dawa, Baba! Inna, taho!"

Muka bi shi. Ƙanena Musa, wanda muke gida ɗaya da shi, ya juya don ya kwance shanun. Na kira shi sau biyu. Bai waiwayo ba.

Ganyen dawa yana yankar fuska. Muna gudu a sunkuye. A bayanmu shanu na kuka, zana na ci da wuta ƙaras-ƙaras. Wata murya da ban sani ba tana cewa, "Ku kore su! Ku kore su gaba!" Bindiga ta sake tashi sau uku, wannan karon ta wajen rijiya. Bayan ta ukun, ihun da ke can ya yanke. Na waiwaya sau ɗaya. Hayaƙi ya tashi daga wuri uku, ɗayan a kan gidana.

Da azahar muka taru a bakin rafi, mu kusan talatin. Babu wanda ya yi alwala sai da ya duba bayansa. Ɗanjuma, ƙanen Malam Idi, yana riƙe da hannunsa da aka sara. Ya dubi Sale ya daɗe.

"Wa ya gaya wa yaron nan suna hanyar rijiya?"

Ni ma tun daga cikin dawa nake yi wa kaina wannan tambayar.

Da la'asar muka fita babban titi. Wata motar gyaɗa ta tsaya, direban ya kwashi mata da yara da masu rauni. Mu maza muka ci gaba a ƙafa. Sale yana tafiya shi kaɗai a gefen titi. Ba wanda ya jera da shi. Muka kwana a Kiyako. Ranar Laraba kafin azahar muka shiga Birnin Kudu, gidan Malam Haruna magini, yayan Hajara.

Ranar Alhamis labari ya iso. Ɓarayin shanu ne. Ba su yi lalube ba. Gidan Malam Idi suka fara shiga, sai na mai unguwa, sai nawa, kamar wanda aka zana wa ƙauyen a ƙasa. An sami Musa a bakin turke, igiya a hannunsa.

Daga ranar mutanenmu suka canza. In Sale ya shigo zaure sai hira ta mutu. Uwaye suka hana 'ya'yansu cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Shi kuwa ya daina magana gaba ɗaya. Ko sallama sai da kai.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na ja shi bayan gida. Na tambaye shi su waye. Na tambaye shi me suka ba shi. Na tambaye shi sau uku. Sai na mare shi. Bai yi kuka ba, bai kare fuskarsa ba. Ya tsaya kamar mai jiran na biyu. Hajara ta shiga tsakaninmu.

"Malam, in za ka ƙara, ni za ka mara. Tambayarka ba ta buɗe bakinsa ba. Ka bar tambayar, ka zauna kusa da shi kawai."

Malam Haruna ya ba mu aikin kwaɓa ƙasa a bakin kududdufi. Muna fita da sassafe, ni da Sale. Ni ina sara, shi yana ɗebo ruwa, mu taka tare, mu dunƙula tubali mu jera a rana. Ba na tambayarsa komai. Amma gaskiya ba tausayi ne ya zaunar da ni kusa da shi ba da farko. Gadi nake yi. In baƙo ya wuce, idon Sale nake kallo, in ga ko ya san shi.

Abin da na gani daban ne. In mutum ya biyo ta bayansa, hannunsa sai ya tafi wuyansa. In an fasa itace a maƙwabta, sai ya saki tulu. Wandonsa ya yi masa yawa, har ya ƙara ƙulli a mazugi. A rana ta bakwai na fara raba rogona biyu ina ajiye masa rabi a kan gwiwa, ba tare da na dube shi ba. A rana ta tara ya ci.

A rana ta goma sha biyu, bayan azahar, muna inuwar tsamiya. Ƙasa ta bushe a ƙafafunmu. Ya yi magana yana kallon yatsunsa.

Su huɗu suka tare shi a dajin kudu yana kiwo. Ɗaya ya danne shi, ɗaya ya sa masa wuƙa a ƙasan kunne. Suka tambaye shi gidajen da ke da shanu. Ya faɗa musu. Ya ji suna shawarar tare hanyar rijiya. Suka kwatanta masa uwarsa, har kalar zanen da take zuwa ɗiban ruwa da shi. Suka ce in ya buɗe baki, da ita za su fara.

Ya juya kansa ya nuna mini. Tabo ne siriri, tsawon ɗan yatsa. Sama da wata guda yana gabana da shi, na shinshina rigarsa, ban duba wuyansa ba.

"Baba, ni na kashe Baffa Musa."

Magana ta zo mini har kan harshe: me ya sa ba ka gaya mini ba? Na haɗiye ta. Wa zai gaya wa? Mutumin da ke hawa rumbu yana duba ko ya yi sata?

A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun da aka haife shi "kai" nake ce masa. Ranar na kira.

"Sale. Dube ni. Wanda ya riƙe bindiga shi ya kashe Musa. Kai wuƙa aka sa maka a wuya, kuma kai ka fitar da uwarka da ƙanwarka da ni. Marin da na yi maka, ka yafe mini."

Ya kifa kansa a cinyata. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana goye. Na dafa bayansa. Aka kira la'asar, muna nan. Tubalin ranar ya tsattsage a rana.

Bai warke a ranar ba. Ya shafe watanni yana firgita. Wata rana ya yi hira, wata rana ya koma shiru. In shirun ya zo, ba ma tsananta masa. Hajara ta sa shi tsinkar zogale kusa da ita, ko ni in ce ya raka ni kasuwa. Malam Haruna ya fara koya masa ɗora tubali.

Ban gaya wa mutanen ƙauyenmu komai ba. Sun ci gaba da zato. Ɗanjuma bai sake amsa sallamata ba har ya koma ga Allah. Da ruwan farko ya sauka sauran mutanen ƙauyen suka koma gida. Mu muka zauna.

Mutum bakwai aka binne a ƙauyenmu, huɗu daga cikinsu an ɗauko su a hanyar rijiya. Nawa kason shanu biyu ne, da rumbu uku, da ƙane ɗaya. Sale ya rayu. Ya zama magini, ya yi gine-gine daga Birnin Kudu har Kangire, ya aurar da 'ya'ya. Bai sake taka ƙasar Gwaram ba. Kabarin Musa yana can, gabas da masallaci. Ni kaɗai nake zuwa.