Maharbin Burtu da Ɗan Gayya

Kakata ta wajen uba, Iya Tamo, tana da tatsuniyoyi cike da rumbu, amma guda ɗaya ce har yau nake kwana da ita. A lokacin muna wani ɗan ƙauye gabas da Birnin Lalle, tun daji yana daji, barewa tana shigowa har bayan gida. Idan ɗari ya kama, an ci tuwo an yi isha'i, sai mu jikoki mu kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta. Tana kaɗin auduga tana tsokanarmu. Ni ƙawata take ce mini, wai bakina ya girme ni, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Babana Nomau shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Ba wanda ya ga abin mamaki, don kunyar ɗan fari ce, kowace uwa haka take yi. Sai dai nasu shirun ya fi na al'ada nauyi. Duk ranar da ta ɗauko wannan tatsuniya, Baba yana bayan darni yana tufkar igiya, yana saurare. Yafiyar uwarsa yake jira ya ji a ƙarshenta, ni kuwa ban san haka ba sai da na zama uwa.

Takan ce wata mata ce da ƴaƴa biyu maza, duk mafarauta, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Babban ɗan gayya ne. Shi dai a buga ganga, a saki karnuka, samari su kewaye daji da kulake da ihu, a dawo da zomaye da zabbi a rataye mata na guɗa. A wurinsa farautar da babu kiɗa sata ce. Ƙaramin kuwa ba ya son hayaniya. Yana da busasshen kan burtu, tsuntsun nan baƙi mai dogon baki. Sai ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙar riga, ya yi ta rarrafe cikin ciyawa yana tsattsagar ƙasa kamar tsuntsu, har barewa ta saki jiki da shi. Wata rana ma yakan wuni bai saki kibiya ba, ya ce kallon ya ishe shi. Wan ya yi ta masa ba'a, wai an haifi namiji ya koma kaza.

Dokar daji ita ce, kafin a fita gayya sarkin dawa ya yi shelar inda za a nufa, don masu burtu su kauce. Ran nan aka ce arewa, sai ƙaramin ya yi fadamar kudu. Har azahar gayya ba ta kama ko kurege ba. Babban ya ji kunyar shiga gari hannu rabbana, ya zuga jama'a aka juya kudu ba a aika wa kowa ba. Can ya hango baƙin kai yana sunkuyawa cikin gamba. Kowane maharbi ya san ba a harbin burtu sai an yi masa fito, a ga ko zai tashi. Shi kuwa zuciya ta riga ta ɗebe shi, ya ce ko burtu ne yau sai ya ci kibiya. Ya saki mai dafi, tsuntsu ya yi kukan mutum. Ya goyo ƙanensa a baya da gudu, kafin su kai gida rai ya yi halinsa.

A nan kullum Iya take ajiye mazari. Mu ce to, uwar ta yi me? Ta ce ta yi shiru mana, ƙurunƙus. Ni uwar baki na sha ce mata wannan tatsuniya gundul ce, ba ta da wutsiya. Sai mu ji Baba ya naɗe igiyarsa ya wuce ɗaki.

A ɗarin da ta yi na ƙarshe tari ya riga ya cinye ta. Ta kawo tatsuniyar har inda ta saba tsayawa, sai muka ji ta zarce.

"Sai uwar ta ce, ɗiyana, kwana in ya ƙare ya ƙare. Na yahe maka tun ranar da ka goyo shi ka kawo mani. Bakina na ya yi nauyi."

Ta juya kunne wajen darni, shiru. Ashe Baba ya kai bijimi kasuwar Birnin Lalle tun da asuba, ita ba ta sani ba. Ta kama wuyan hannuna.

"Ƙawata, in mai gidanga ya komo, ki gaya mashi yadda ta ƙare."

Na ce to. Bayan kwana biyu Baba ya dawo da dabino da munduwa, murna ta mantar da ni. Da na tuna kuma sai nauyi ya kama ni. Ina ni ina tsare babban mutum da tatsuniya da rana tsaka, mutumin da ko murmushinsa ban sani ba? Na ce ai za ta sake yi ya ji da kunnensa. Kafin mako ya kewayo aka binne ta.

Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Bayan rasuwarsa ƙanwarsa, Gwaggo Dije, ta kwance wata tsohuwar jakar fata a ɗakinsa, sai ga kan burtu. Ta ce na Jatau ne, ƙanen babana, wanda ba a taɓa faɗa mana sunansa ba. Ta ce har ranar da Baba zai cika yana cewa Inna ta tafi da fushinsa. Na faɗa mata saƙon ina kuka. Sai ta mayar da kan burtun cikin jaka ta ɗaure.

Muna yara abin da muka ɗauka shi ne kada ka raina abin da ɗan'uwanka yake so, kuma gaskiya ne, raini ne ya juya gayyar nan kudu. Amma abin da ke cin raina daban ne. Tsohuwa ta yi shekara ashirin kafin ta iya ɗaga maganar nan, ta ɗora ta a hannun wadda ta fi kowa surutu a gidan. Shekara goma sha ɗaya ina durƙusawa ina gaishe shi, yana amsawa kansa a ƙasa, saƙon yana bakina.