Jan Fentin Ermanno

A kwarinmu na Trompia, in yaro ya tasa ba a tambayar sana'ar da zai yi, sai dai a tambayi wane ɓangaren bindiga zai kama. Wani ƙota, wani kunama, wani zanen fure a jikin ƙarfe. Ermanno Ghidini bai kama ko ɗaya ba. Shi akwati ya kama, kuma shekara kusan arba'in yana bugawa a wata rumfa bayan cocin garin Gardone, inda ƙarar kogin Mella ke gasa da ta zartonsa.

Kada wani ya raina wannan sana'a a gabana. Bindigar farauta mai baki biyu sai ta ci shekara ana yinta, amma in akwatin ya sha ruwa a jirgi, tsatsa ta gama da ita kafin mai ita ya gan ta. Akwatin Ermanno bai taɓa shan ruwa ba. Masu kan famfo da cokula na Lumezzane ma wurinsa suke zuwa in kayansu za su ƙetare teku. Yana da wata al'ada da ya gada wurin ubansa, mai lodin alfadarai: mariƙin akwati na igiyar rama yake yi, ya ƙulle ta ƙulli biyu, sannan ya tsoma bakinta cikin jan fenti don kada ta warware. 'Yan dako a tashar jirgin ruwa ta Genoa da sun hango jan nan sun san kayan daga ina suke, shi kuwa yana jin daɗin haka fiye da yadda yake nunawa.

Mafi yawan aikinsa na Oreste ne, mijin ƙanwarsa, mai ƙaramar masana'anta a bakin gada. Can Nives, 'yar Ermanno, take aikin goge ƙarfe, da 'ya'ya biyu a wuyanta, ga miji da ya tafi Jamus ya manta hanyar gida. Da kasuwar mafarauta ta ja baya, Oreste ya samu wani dillali da ke sayen gajerun bindigogi baƙaƙe, marasa zane, da yawa a lokaci guda. Aka ce na masu gadin kamfanoni ne a wata ƙasa. Ermanno ya auna tsawo da faɗi, bai tambayi komai ba. Mu nan ba ma tambaya. Da mota ta wuce gada, kaya sun zama na hukuma da takardunta.

Wata Talata da rana ya shiga shagon Piera shan kofi. Mutane sun cika, ana karta, talabijin na ta surutu a saman kanta ba mai kula shi. Sai aka nuno wani tsakar gida a wata ƙasa mai nisa da ake yaƙi. Gawarwaki a jere an rufe su da barguna, ƙafafun wasu ƙanana ƙwarai. A gefe wani mutum sanye da rigar ƙwallo yana zaune yana shan taba, bindiga a cinyarsa. Abin da yake zaune a kai akwati ne, igiyar mariƙinsa na reto, bakinta ja.

Ba Ermanno kaɗai ya gani ba. Masu karta sun gani, Piera ta gani. Shagon ya yi tsit har ana jin injin kofi yana huci. Can wani tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "Piera, ba yau ake tseren keke ba?" Ta miƙa hannu ta sauya tasha, aka ci gaba da raba karta.

Bai iya shanye kofin ba. Ya fita ya nufi bakin gada, ya sami Oreste a ofis yana cin burodi da cuku.

"Ka ga labarai?"

"Na gani, Yaya. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka ce mini masu gadi."

"Haka aka ce mini, haka kuma lasisi ya ce. 'Yan kwastan sun buɗe, sun duba, sun buga hatimi. Bayan nan in wani ya sayar wa wani, ni zan bi jirgi da iyo?"

"Yara ne a ƙarƙashin bargon nan, Oreste."

"Ina da ido, ai." Oreste ya ture burodin gefe. Shi ma fuskarsa ba ta mai jin daɗi ba ce, wannan kam gaskiya ne. "To me kake so? Ka je Brescia wurin hukuma ka ce ka gane igiyarka? Je ka. Za su rufe mu kafin su gama bincike, ko da daga baya su ce ba mu da laifi. Leƙa ta tagar nan ka zaɓi wanda za ka fara gaya wa."

Ermanno ya leƙa. Ma'aikata na tsaye bakin injuna, babu wanda Ermanno bai san ubansa ba. Nives na can ƙarshe, ƙyalle ɗaure a hancinta, hannuwanta baƙi ƙirin.

"Akwai sauran kaya da za su tashi Litinin," in ji Oreste, murya ƙasa-ƙasa. "Abu ɗaya nake roƙonka. Jan fentin nan, a daina shafa shi haka nan."

Wallahi da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zo da maganar gawarwaki, an mayar masa da maganar fenti.

Ran Lahadi Nives ta zo da yaran cin tuwon masara da gasasshen nama, kamar kowane mako. Ermanno ya zauna yana juya cokali a kwano, bai ci ba. Da yaran suka fita wasa, ta tattara kwanuka, ta tsaya ta ba shi baya a wurin wanke-wanke.

"Baba, an ce ka je wurin Kawu."

"Na je."

"Ni ma na gani. Har yanzu in na rufe ido ƙafafun nan nake gani." Ta daɗe tana cuɗa tukunya ɗaya. "Ban ce ka yi ba, ban ce kada ka yi ba. Amma in za ka je Brescia, ka gaya mini tukuna, in san inda zan kai yaran nan."

Da ta tafi ya shiga rumfa, inda akwatunan Oreste ke jibge har rufi, ya wasa wuƙa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yanke jan bakin igiya. Ya share guntayen ya zuba a murhu. Yana yi yana jin kunyar kansa, irin kunyar da bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe guduma, amma hannunsa bai tsaya ba.

Litinin da safe direba ya zo, ya kama mariƙi ya ce, "Maigida, yau fenti ya ƙare ne?" Ermanno ya ce ya ƙare. Aka yi lodi, aka biya masana'anta aka cika akwatunan, mota ta wuce gada.

Da rana ƙafarsa ta kai shi shagon Piera, don ba shi da wani wurin zuwa. Labarin fentin ya riga shi isa, yana shiga aka matsa masa kujera. Tsohon nan mai tseren keke ya dafa kafaɗarsa, wani ya ce a kawo masa ruwan inabi, wani ya ce a'a, shi zai saya. Piera ta zuba masa har ya kusa zuba, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Ka kyauta, Ermanno," in ji tsohon. "Dama mun san kai namu ne."

Shekara arba'in yana shiga shagon nan, ba a taɓa karɓarsa hannu bibbiyu kamar ranar ba. Ya ɗaga kofin ya sha, duk suna kallonsa har ya shanye.