Ciwon cikin da ba na ciki ba ne

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Ƙawayena na makaranta sun yi ta tambaya, ina cewa lafiya lau. Ba lafiya ba ce, jinyar yayana muka yi.

Sai da na nemi izininsa kafin na rubuta. Na san wasu za su ce wannan ba maganar 'ya mace ba ce. Amma raina a ɓace yake, kuma shiru ne ya kai mu inda muka je.

Yaya Auwalu shi ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Kun san yadda ake yi da ɗan fari. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta shiga ɗakinsa. Baba ba ya zama hira da shi. Duk saƙon da ke tsakaninsu ni ake aika.

Wata safiya yana shirin tafiya kasuwar Maigatari, sai muka ji yana amai a bayan ɗaki. Inna ta ce min, "Je ki ga me ya sami yaron can."

Na same shi a durƙushe, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce, "Ki ce mata cikina ne."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Inna ta jiƙa kanwa, na kai masa.

Ba ciki ba ne. Marainansa ne, ɓangare ɗaya ya kumbura, ciwon yana hawa har mara. Ba zai iya faɗa wa Inna ba, ba zai iya faɗa wa Baba ba, balle ni ƙanwarsa.

Washegari ya daure ya gaya wa Baffa, ƙanin Baba. Ina shara a tsakar gida na ji Baffa ya fito yana dariya, yana ce wa Baba, "Yaya, ba komai. Wai ɗaya ya fi ɗaya. To wane namiji ne nasa suka zo daidai? Sanyi ne ya kama shi." Baba ya ce to, bai leƙa ba. Aka je kyamis aka karɓo maganin sanyi da na kashe zafi.

Wannan dariyar har yau tana ƙona min rai.

Da zafin ya ɗan lafa, kowa ya ce magani ya yi aiki. Sai da zazzaɓi ya rufe shi, ya kasa taka ƙafa, sannan aka nemo mota zuwa asibiti a Gumel. Baffa ya tafi da shi, ni na bi su da kwanon abinci da tabarma.

Aka ɗebi jini, aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi hoton wurin. Likita ya fito ya tambayi ranar da abin ya fara. Da Baffa ya faɗa, likitan ya ce, "Jijiyar da ke kai jini ce ta murɗe. Da a ranar kuka zo, da mun warware ta. Yanzu ɗayan ya mutu, sai dai a cire."

Baffa ya ce, "Likita, ai na ga kowa ɗaya ya fi ɗaya."

"Gaskiya ne, Malam. Amma kowa amai yake yi a kai?"

An sayar da riɗin da Baba ya ajiye da tunkiyar Inna. Aka yi tiyata, aka cire wanda ya mutu, aka ɗinke ɗayan a mazauninsa don kar shi ma ya murɗe. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambayar nas shi ne ko zai haihu. Ta ce masa guda ɗaya mai lafiya ya isa, da yardar Allah. Ya juya fuska bango ya yi kuka.

Yanzu ya warke, ya koma kasuwa. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitan da ma'aikatan jinya, da maƙwabtan da suka yi ta zuwa dubiya. Allah ya saka da alheri.

Ga abin da likitan ya gaya mana. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, ko ya fi shi saukowa, wannan halitta ce in dama can haka yake kuma ba ciwo. Amma ciwo mai tsanani farat ɗaya, da kumburi, da amai, ba a kwana da shi, asibiti ake tafiya a lokacin, ko da zafin ya lafa. In kuma an ji ƙullutu mai tauri, ko girman ya canza, a je a duba ko da ba ya ciwo.

Iyayenmu, ina girmama ku. Amma yayana ya rasa wani ɓangare na jikinsa a gidan da kowa ke sonsa, saboda ba wanda ya iya shiga ɗakinsa ya tambaye shi. In ɗanku yana nishi, ku shiga da kanku, ku ce ya nuna muku wurin. Kada ku aiki yarinya.