Sunan Bature a Takardunmu

Sunan da ke bin nawa a kowace takarda sunan wani Bature ne. Kakana kukunsa ne a zamanin haƙar kuza. Ranar da kakan nawa ya kai mahaifina makaranta, malamin rajista ya tambayi yaron ɗan wane ne, aka ce ɗan kukun wane ne, shi kuwa ya rubuta sunan ubangidan. Haka muka gāje shi, ba mu taɓa damuwa ba.

Bayan 'ya'ya mata uku aka haifa mini namiji, na ce sunan kakana zai ci. Sai da na faɗa na lura ban san sunan ba. Mahaifina ya rasu ban tambaye shi ba, ina ganin akwai lokaci. Shi Baba yake ce masa. Kakata kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, sai dai Maigida. Mutanen bariki Kuku suke kiransa.

Saura kwana uku suna, ƙanwata, wadda ba ta rabo da waya, ta ce za ta bincika. Ta dawo da shafi shida da ta bugo a Farin Gada. Duk tarihin dangin Baturen ne, ashe sarakai ne a Ingila. Daga wani ƙauye a Faransa suka tsallaka tare da sarkin da ya ci ƙasar da yaƙi, sunan ƙauyen ne ya zama nasu. Ga gidan dutse, ga tambari mai zaki, ga wane ya haifi wane har na gaji da bi. Na karanta tas. Ban ji komai ba, ko haushi.

Washegari na tafi Gada Biyu wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage. Na same ta tana tsince acca.

"Gwaggo, mene ne ainihin sunan Baba?"

"Kai dai ba ka da kunya. In kama sunan ubana?"

"Jariri za a sa wa, Gwaggo."

Ta ajiye faifan. Leɓɓanta suka yi ta motsi, ina jira. Can ta ce, "Na san shi fa. Tun ina yarinya nake riƙe da shi, ban taɓa fitar da shi ba. Yanzu na duba, babu."

Ta ci gaba da tsintar accarta. Na ɗan zauna, sannan na yi mata sallama.

Ranar suna liman ya raɗa wa yaron sunan surukina, aka ci nama, aka watse. Da na je karɓar takardar haihuwa, ma'aikaciyar ta ce in faɗa mata haruffan sunan ƙarshe kada ta yi kuskure. Na jero mata su ɗaya bayan ɗaya, ko tuntuɓe ban yi ba.